Ayabar da Ba Ta Zuwa Kullum

Kafin rana ta dafa filin da ke bayan Siem Reap
nakan ɗauko Malis daga kejinta.
Gafiya ce, ba ta kai kilo biyu ba,
takunta ba ya tada nakiya daga barci.
In shafa mata mai a kunne saboda zafi,
in ɗaura mata igiya a kafaɗa,
ni a wannan gefe, Vuthy a wancan,
ita a tsakiya, tana karatun ƙasa da hanci.

Farkon koyo ba wuya.
Ta ji warin, ta tona, in danna ƙarfen hannuna: ƙas!
Ayaba ta biyo baya.
Kowane ƙas da lomarsa, ba bashi, ba jeka-ka-dawo.
Cikin mako uku ta gane cinikin.

Sai shugabarmu ta ce, "Chanthou,
yanzu ki ɓata mata lissafi.
Ta tona sau uku, ki ba ta ɗaya.
Gobe sai ta yi bakwai. Jibi biyu.
Wadda ta saba samu kullum, ran da aka hana ta
zama take yi ta lashe ƙafa.
Wadda ba ta san ranar samu ba, ita ce ba ta ajiye aiki."

Na gyaɗa kai.
Ban gaya mata na riga gafiyar shiga ajin nan ba.

Mahaifina yana gyaran babur a bakin hanyar Battambang.
Shekara talatin, "madalla" huɗu na ƙirga a bakinsa.
Ɗaya don na ɗaura sarƙa daidai,
ɗaya don miyar kifi da ta yi gishiri,
sauran biyun har yau ban san dalili ba.
Ran da na ci jarrabawa, bai ɗago daga injin ba.
Ga ni da furfura biyu a goshi
ina hawa mota awa uku kowane wata,
ina tona, ina tona.

Kawu kuwa da gora yake koyarwa.
Karensa ya saci kifi, ya sha duka har ya yi fitsari.
Gora ba ta raba shi da kifi ba,
ta dai koya masa sautin takalmin kawu.
Ya ci gaba da sata, sai dai cikin dare.

Ƙanena Rithisak yana Poipet,
gaban injin caca mai fitilu kamar gidan biki.
Daren farko ya zubo masa dala ɗari biyu.
Tun daga nan sai 'yan tsaba, jefi-jefi,
daidai abin da zai hana mutum tashi.
Babur ya tafi. Zoben mama ya bi shi.
In na kira yakan ce, "Saura kaɗan, na ji a jikina."
In buɗe baki in yi faɗa,
sai in ga ƙarfen da ke rataye a wuyana.

Yau da ƙarfe tara saura Malis ta tsaya cak
kusa da kututturen giginya, ta kama tono.
Vuthy ya kafa jan tuta.
Da masu tona suka gama, ga ta nan, ta yi tsatsa,
ta girme ni, ta girmi gonar da ake so a shuka.
A takardar da ke aljihuna, wannan karon ba na lada ba ne.
Na bi takarda. Malis ta dube ni, ta koma aiki.

Da yamma, bayan an rufe rajista,
na koma wajen keji ba ƙarfe a hannuna.
Na ɓare ayaba guda, cikakkiya,
na miƙa mata ba don ta yi komai ba.
Ta riƙe da hannu biyu tana cusawa a kumatu.

Wayata tana kan benci, fuskarta a ƙasa.
Sau biyu kawai na juya ta.